Jinin dasashi da tarin da ya ƙi warkewa: ina gaskiyar alaƙarsu?

Shin ciwon dasashi yana iya lalata huhun mutum? Tambayar ta sake tasowa a farkon 2024, lokacin da masu bincike a Jami'ar Sichuan ta ƙasar Sin suka ba da rahoton cewa ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da dasashi suna ƙara tsananta cutar toshewar huhu. Irin wannan labari, kafin ya biyo ta Facebook da WhatsApp ya iso wayar mutumin Gezawa ko na Jahun, ya riga ya sake kama. Wani zai ji cewa rashin wanke baki ne ke kawo asma. Wani zai ji cewa duk mai warin baki huhunsa ya taɓu. Mai tallar magani a lasifika ranar kasuwa kuwa abin nema ya samu, domin garin da yake sayarwa na amosanin baki yanzu zai ƙara masa da "har da tari da haki".

Alaƙar tana nan, likitoci sun daɗe da lura da ita. Amma girmanta, da inda ta faro, da abin da take nufi ga matar da ke girki da kara a ƙauyen Ringim, waɗannan sai an bi su daki-daki.

Wane ciwon dasashi ake nufi?

Ba ciwon haƙorin da ke hana barci ake magana a kai ba, wanda rami ne a jikin haƙorin kansa. Wannan na naman da ke riƙe da haƙori ne, da ƙashin da ke ƙarƙashinsa.

Kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙora, cike da ƙwayoyin cuta. Idan aka goge ta, shi ke nan, sai gobe kuma. Idan aka bar ta, sai ta haɗu da gishirin da ke cikin yawu ta daskare ta zama tsatsa mai tauri, wadda asuwaki ko burushi ba sa iya ɓamɓare ta. Daga nan dasashi zai fara ja, ya kumbura, ya riƙa fitar da jini idan an taɓa shi. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. Matsalar ita ce babu zafi, don haka babu mai zuwa asibiti.

Mataki na biyu shi ne mai ɓarna. Dasashi yana sakin haƙori, sai wani kogo ya buɗe a tsakaninsu. A bakin mai lafiya zurfin wannan wuri bai wuce milimita 3 ba. A bakin mai ciwo yakan kai 5, 6 ko fiye, kuma a can ciki, inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin cuta mafi muni suke samun mazauni. Jiki yana tura dakarunsa su yaƙe su, yaƙin ya ƙi ƙarewa, shekara da shekaru, kuma a garin yaƙin ne ƙashin da ke riƙe da haƙori yake zaizayewa. Sai a ga haƙora sun yi tsawo, sun buɗe, suna girgiɗi, baki yana wari ko an wanke, wani lokaci har da mugunya. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Mu a nan idan haƙorin dattijo ya faɗi sai mu ce tsufa ne, alhali sau da yawa ciwo ne da ya yi shekara ashirin yana ci a ɓoye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa wannan mataki mai tsanani yana damun kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato sama da mutum biliyan 1.

Cutar huhun fa?

A takardar asibiti ana rubuta ta COPD. Ma'anarta hanyoyin iska na cikin huhu sun ƙuntace, kuma ƙuncin ya zauna, ba mai zuwa ya wuce ba ne. Abu biyu ke faruwa, sau da yawa a tare: bututun iska su kumbura su cika da kaki, sannan 'yan ƙananan jakunkunan da ke ƙarshen huhu, inda iska ke shiga jini, su yayyage su saki. Mai ciwon yana iya jan iska, fitar da ita ce ke ba shi wahala.

Alamominta ba baƙi ba ne a ƙauye. Tarin asuba mai kaki wanda ya zama jiki. Haki idan an ɗan yi sauri. Manomin da da yake noma kadada ba ya miƙewa, yanzu kunya biyu sai ya dogara da fartanya. Tsohuwar da ta daina zuwa rijiya, 'ya'yanta suna cewa ai ƙarfi ne ya ƙare. Kuma lokaci-lokaci, musamman da hunturu ko bayan mura, ciwon yakan tashi gaba ɗaya: kaki ya ƙaru ya canza launi, numfashi ya sarƙe, a kwana a zaune. Wannan tashin shi ne abin tsoro, domin kowanne yakan bar huhu a ƙasa da inda ya same shi.

Ba asma ba ce, ko da yake suna kama. Asma takan fara tun ƙuruciya, ta zo ta lafa, numfashi ya koma daidai. Wannan kuwa yawanci sai bayan shekara 40 take bayyana, kuma ba ta sakin mutum. Ba tarin fuka ba ce kuma, ba a ɗaukarta daga wani. Sai dai wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, tabon da ya rage a huhunsa yana iya kai shi ga irin wannan toshewa.

Ana tabbatar da ita da na'urar auna numfashi: mutum ya cika ƙirji ya busa da iya ƙarfinsa. Idan iskar da ta fita a daƙiƙa ta farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya busa ba, ko bayan an ba shi maganin buɗe huhu, to akwai toshewa. Hoton ƙirji kaɗai ba ya yanke hukunci. Ita kuwa na'urar, sai a manyan asibitoci ake sa ran samunta, shi ya sa da yawa daga masu ciwon a karkara suke rayuwa su mutu da sunan "asma" ko "sanyi".

A 2021 cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a duniya, ita ce ta huɗu a jerin masu kisa, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. A Najeriya, wani bincike da aka yi da na'urar a Ile-Ife ya samu toshewar a kusan mutum 8 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40.

Abin da aka gani a jikin mutane

Maganar ta girmi 2024 nesa ba kusa ba. A 1998 aka wallafa sakamakon bibiyar tsofaffin sojojin Amurka sama da 1,000 da aka yi shekaru ana duba haƙoransu. Waɗanda ƙashin haƙorinsu ya fi zaizayewa tun farko sun fi kamuwa da cutar huhun daga baya. A 2001 Frank Scannapieco, likitan haƙori a Jami'ar Buffalo wanda ya daɗe yana bin wannan batu, ya duba bayanan Amurkawa sama da 13,000, ya ga cewa gwargwadon lalacewar dasashi, gwargwadon raunin numfashi. A 2012 aka tattara bincike 14 wuri guda, lissafin ya nuna masu ciwon dasashi sun ninka sauran mutane kimanin sau biyu wajen samun cutar huhun.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne na garin Hisayama a Japan, wanda aka wallafa a 2019. An ɗauki mutum 900 waɗanda huhunsu lafiya lau, aka bi su shekara 5. Masu ciwon dasashi mai tsanani sun ninka sauran fiye da sau 3 wajen kamuwa, ko bayan an cire lissafin sigari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutum 22 ne kacal suka kamu a cikin 900 ɗin. Lissafin da aka ɗora a kan mutum 22 yana iya karkata da mutum biyu ko uku.

Duk waɗannan suna nuna cewa cututtukan biyu suna yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Haɗuwa daban, haddasawa daban.

Ta ina baki zai kai ga huhu?

Masu ganin akwai haddasawa suna da hujjoji masu ma'ana, kuma ta farko ita ce mafi sauƙin fahimta. Baki da huhu hanyarsu ɗaya har zuwa maƙogwaro. Idan mutum yana barci, ɗan yawu kaɗan yakan zarce ta hanyar iska ba tare da ya sani ba. Gwaje-gwaje sun nuna hakan na faruwa ga kusan rabin masu lafiya. Lafiyayyen huhu yana share wannan ba tare da wata matsala ba, domin akwai 'yan siraran gashi a bututun iska masu turo datti sama. Amma hayaƙi yana kashe waɗannan gashi. Don haka mutumin da huhunsa ya riga ya gaji, kuma bakinsa cike yake da kogunan mugunya, kowane dare yana aika wa huhun abin da ba zai iya sharewa ba.

Hanya ta biyu ta jini ce. Dasashin da ke zubar da jini buɗaɗɗen rauni ne. Tauna abinci kaɗai tana iya tura ƙwayoyin cuta da gubarsu cikin jini, jiki ya zauna cikin shirin yaƙi kullum. Abin mamaki, dakarun jinin da ke cinye ƙashin haƙori a garin kare shi, irinsu ne ke yayyaga jakunkunan huhu, kuma da irin sinadaran narkar da nama guda suke aikin. Wannan ya sa wasu masana suke ganin akwai mutanen da jikinsu ke wuce gona da iri wajen mayar da martani, sai abin ya fito musu a wuri biyu.

Aikin Sichuan a nan ya shigo. Sun yi amfani da wata ƙwayar cuta da ta yi ƙaurin suna a ciwon dasashi, Porphyromonas gingivalis. Suka ga cewa a jikin ɓeraye tana barin baki ta isa huhu, ta dagula ƙwayoyin da ke zaune a can, ta kuma zuga wasu nau'i biyu na dakarun jiki har su ƙara ɓarna. Ɓerayen da ke da ciwon biyu huhunsu ya fi saurin lalacewa a kan masu ciwon huhu kaɗai. A lura da kyau: ɓerayen an riga an jawo musu cutar huhun. Abin da aka nuna shi ne ciwon dasashi ya ƙara mata ƙarfi, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Kuma ɓera ne a ɗakin gwaji, ba ɗan Adam ba.

Akwai kuma hanyar da ke tafiya ta baya, daga huhu zuwa baki, wadda masu yaɗa labarin ba sa ambata. Mai haki da baki yake numfashi, bakin ya bushe, alhali yawu shi ne mai wanke baki na asali. Wasu magungunan shaƙa suna ƙara busar da shi, wasu suna kawo farin kurji a harshe idan ba a kurkure ba. Sannan wanda tashi daga tabarma ma aiki ne a wajensa, tsaftar haƙori ba ita ce a gabansa ba. Ke nan ana iya samun ciwon huhun ne ya ɓata bakin.

Masu cewa a bi a hankali

Idan ruwa ya yi yawa a watan Agusta, katangar gida ta zube, geron bayan gida ya kwanta, babu mai cewa katangar ce ta kayar da geron. Ruwa ne ya yi duka biyun. Masu shakka suna cewa haka lamarin dasashi da huhu yake, kuma ruwan a nan shi ne sigari.

Hujjarsu tana da ƙarfi. Sigari ita ce babbar mai kawo toshewar huhu a ƙasashen da aka yi yawancin binciken. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 70 cikin 100 na masu ciwon ta dalilinta ne. Ita ce kuma ɗaya daga manyan masu lalata dasashi. Tana ma da wata makirci: tana matse jijiyoyin dasashi har ya daina zubar da jini, mai shan ya ɗauka bakinsa lafiya, ƙashi kuwa yana tafiya. A 2004 wasu masu bincike suka koma kan bayanan Amurkawan nan da aka yi amfani da su a 2001, suka ware masu shan sigari daban. A cikin waɗanda ba su taɓa sha ba, ba su ga alaƙar ba. A 2023 kuma aka tattara bincike 22 da suka ƙunshi mutum sama da 50,000. Da aka yi lissafi da yawan sigarin da kowa ya sha, ba wai "yana sha ko ba ya sha" kawai ba, sai alaƙar ta yi rauni har ba za a iya dogara da ita ba.

Ban da sigari akwai tsufa, akwai ciwon suga, akwai talauci, wanda shi kaɗai ya isa ya haɗa wa mutum rashin abinci mai kyau, ɗaki mai hayaƙi da nisan asibiti.

A ganina, wanda ya ce ciwon dasashi ne ke kawo toshewar huhu ya yi gaba da hujja. Wanda kuma ya ce babu ruwan wannan da wancan ya yi watsi da abin da aka gani a Hisayama da ɗakin gwaji. Abin da hujja ta fi karkata gare shi shi ne matsakaici: hayaƙi ne ke kunna ciwon, ruɓaɓɓen baki kuma yana iya taimaka masa ya riƙa tashi.

Hayaƙin da ke cikin gidajenmu

A nan ne labarin Amurka da Japan ya rabu da namu. Binciken taba na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2012 ya samu kashi 10 cikin 100 na maza suna amfani da taba, mata kuwa kusan kashi 1. A ƙauyukan Kano da Jigawa mace mai shan sigari abin nunawa ce. Amma a je asibitin Gumel ko na Hadeja da sanyin Janairu a dubi layin masu tari, a ƙirga mata.

A leƙa madafi da damina. Ɗaki ne ƙarami, rufin kwano ko na azara ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, taga in akwai ta bai wuce tafin hannu biyu ba. Karan dawa ya sha raɓa, itacen ɗanye ne, sai an cusa leda ko tsohon silifa kafin wuta ta kama. Matar ta durƙusa tana hura murhu da baki, fuskarta a cikin hayaƙin, idanu na hawaye, goyo a bayanta. Za ta yi haka da safe, ta yi da yamma, tun tana 'yar shekara goma sha a gidansu har ta aurar da jikoki. Idan mai sana'a ce abin ya ninku: mai ƙosai, mai ƙuli-ƙuli, masu turara shinkafa a yankin Kura, masu bandar kifi a fadamar Hadeja. Da hunturu kuma a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa, da zafi a kunna maganin sauro na hayaƙi a gefen gado.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sigari tana da alhakin kashi 30 zuwa 40 ne cikin 100 na wannan cuta, hayaƙin girki kuma yana cikin manyan dalilai. Mazan ma ba su tsira ba: ƙurar sussuka da shiƙa, ƙaiƙayin injin casar shinkafa, garin da ke tashi a injin niƙa, buhunan da 'yan dako ke zazzagewa a Dawanau.

Ita matar nan mai girki a madafi, bakinta fa? Juna biyu yana sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini fiye da kullum, kuma wadda ta haihu takwas ta bi ta wannan hanya sau takwas, ba tare da an taɓa buɗe bakinta a wajen awo ba. Don haka cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jikinta ba tare da ta taɓa riƙe karan sigari ba. Manyan binciken da ake ambata a Amurka, Japan da Sin aka yi su, inda sigari ta mamaye lissafi, saboda haka ɗauko alƙalumansu a ɗora mata kai tsaye kuskure ne. Abin da ya tabbata game da ita shi ne hayaƙin. Duk bayanin da zai sa mijinta ya saya mata makilin ya bar madafin yadda yake, ya cuce ta.

Idan aka gyara baki, numfashi zai gyaru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi amfani ga mai ciwo, kuma an ɗan gwada. A birnin Beijin an raba masu toshewar huhu 60 da ke da ciwon dasashi gida uku: wasu aka yi musu wankin haƙori mai zurfi har ƙarƙashin dasashi, wasu na sama-sama, wasu aka koya musu goge baki kawai. Bayan shekara 2, a sakamakon da ya fito a 2014, waɗanda aka wanke wa haƙora ciwonsu bai riƙa tashi kamar na rukuni na uku ba, kuma awon numfashinsu ya fi kyau. Wani ƙaramin gwaji a Turkiyya mai mutum 40 ya samu makamancin haka. Labari ne mai daɗi, amma mutum 60 da mutum 40 ba su isa a kafa doka a kansu ba, kuma babu wanda ya warke a cikinsu. Tashin ciwon ne ya ragu.

Inda hujja ta fi nauyi shi ne ciwon nimoniya a wajen tsofaffi. A gidajen kula da tsofaffi 11 a Japan an bi mutum 417 na shekara 2. Waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci, kashi 11 cikin 100 ne suka yi nimoniya. Waɗanda aka bari yadda suka saba, kashi 19. Nimoniya ba ita ce toshewar huhu ba, amma tana cikin abubuwan da ke kwantar da masu toshewar, har ta yi ajalinsu. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Idan tsoho ya kwanta jinya a gida, ana yi masa wanka, a juya shi, a ba shi kunu a cokali, amma da wuya a ga wanda ya tuna da bakinsa. Kunun nan yana kwana a tsakanin haƙora, shi kuma yana kwance rigingine, yana ƙwarewa.

Asuwaki ya isa?

Mu ba baƙin tsaftar baki ba ne. Sunna ce, kuma kowane ɗalibin islamiyya ya san yadda Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da asuwaki a kowace salla. Binciken da aka kwatanta asuwaki da burushi ya nuna idan an iya amfani da shi yana cire dauɗa sosai. Reshen darbejiya, na marke, ko wanda alhazai ke kawo tsaraba, duk suna aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yi. A dubi dattijo a ƙofar masallaci kafin azahar: asuwaki a gefen baki, ana hira, ana ɗan gurza haƙoran gaba huɗu ko shida, hagu da dama, har sun yi fari tas. Turamen ciki ba a kai gare su ba. Bayan haƙoran ƙasa, ta wajen harshe, inda tsatsa ta fi taruwa, asuwakin bai taɓa zuwa ba, domin miƙaƙƙen itace ba ya lanƙwasawa can sai da niyya. Gurzar da ƙarfi kuma tana janye dasashin gaban. Ga goro ya rine komai, ba a bambance tsatsa da launi. Mutum zai rantse bai taɓa fashin asuwaki ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma turamensa suna girgiɗi.

Wurin da ake nema shi ne iyakar haƙori da dasashi, ciki da waje, kowane haƙori, a hankali. A tauna bakin asuwakin ya yi laushi, a riƙa yanke wanda ya tsufa. Mai burushi ya nemi mai taushi, da man goge baki, safe da dare, na daren ya fi muhimmanci tunda a barci ne yawu ke zarcewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga jini ya daina taɓa wajen. Jinin alama ce ta dauɗa ta taru. Idan aka ci gaba da gogewa a hankali yakan ragu cikin mako ɗaya ko biyu. Idan bai ragu ba, akwai tsatsa a ƙasa, sai wankin asibiti.

Gawayi da toka suna kankare haƙori ne kawai. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zafi, ba sa cire tsatsa. Kafson da ake saya a kemis duk lokacin da dasashi ya kumbura yana kwantar da shi na 'yan kwanaki, ya dawo, kuma mai toshewar huhu da ya saba wa jikinsa kafso yana iya rasa mai yi masa aiki ranar da ƙirjin ya tashi da gaske.

Me mai ciwo zai yi, kuma me asibiti za ta yi?

Tarin da ya wuce mako biyu, gwajin tarin fuka ne farko, kuma kyauta ake yin sa da maganinsa a asibitocin gwamnati. Idan an duba babu, tari da haki kuma suka ci gaba, sai a nemi a tura mutum inda ake awon numfashi, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ciwon ba ya warkewa, amma magungunan shaƙa suna sauƙaƙa shi ƙwarai, kuma raba huhu da hayaƙi yana rage saurin lalacewarsa a kowane mataki aka yi. Mai sigari ko shisha ya bari. A gida a fitar da murhu fili ko rumfa idan ba ruwa ake yi ba, a buɗe taga babba a madafi, a shanya itace, a daina kunna wuta da leda, a sauke goyo kafin a shiga hayaƙi. Gas ya fi, amma kowa ya san kuɗinsa.

Wankin haƙori kuwa sai inda akwai sashen haƙori: manyan asibitocin Kano, na Rasheed Shekoni a Dutse, Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, da wasu asibitocin ƙananan hukumomi. Ga mutumin da ke ƙauyen Maigatari ko Doguwa wannan kuɗin mota ne da yinin aiki, shi ya sa ba a zuwa sai haƙori ya kai a cire. Jita-jitar cewa wankin yana sassauta haƙora ma tana hana wasu. Abin da ke faruwa shi ne tsatsar ce ta cike gurbin ƙashin da ya tafi, da aka cire ta sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili.

Abin da bai buƙatar kasafin kuɗi shi ne tambaya. Malamin asibitin sha-ka-tafi da tsohuwa ta zo masa da tari yana iya cewa, "Inna, buɗe bakinki in gani. Idan kin yi asuwaki kina ganin jini?" Ma'aikacin haƙori da ya ga dattijo yana haki a kan kujera yana iya cewa, "Baba, tun yaushe kake wannan tarin? An taɓa auna maka numfashi?" A tsarin da muke da shi, mai duba ƙirji ba ya kallon baki, mai duba baki ba ya sauraron ƙirji, kuma mara lafiya ba ya faɗin abin da ba a tambaye shi ba, balle jinin dasashi da bai ɗauke shi ciwo ba.

Wanda aka riga aka ba maganin shaƙa, musamman mai ɗauke da sinadarin rage kumburi, ya kurkure baki da ruwa ya tofar bayan kowace shaƙa. Mai jinyar tsoho kuma ya ɗaga masa kai idan zai ba shi abinci, ya bar shi a jingine na ɗan lokaci bayan ya ci, sannan ya goge masa haƙora da harshe da burushi mai taushi ko tsumma mai tsafta kafin a kwanta. Idan yana da haƙoran roba, a cire su da dare a wanke.